Muryar Baba a Folda Ɗaya

Jama'a, kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan kamar wancan karon, ku bari in zauna tukuna. Wata baiwar Allah ta rubuto min wai ina da taurin kai, wai irin Mai Java ba a tsintarsa a bakin titi. 'Yar'uwa, na ji. Amma ki karanta abin da ya faru a gidanmu makon nan, sannan ki gaya min abin da ke za ki yi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar kwamfuta. Ɗaki ne guda mai tsawo a saman shagon masu sayar da fenti, tebura a jere, wayoyin caja sun sarƙe da juna a ƙasa, ga wata fanka da take kuka tun kafin a ɗauke ni aiki. Ni da yaren Python nake rubutu. Shi kuwa wanda teburinsa ke fuskantar nawa, da Java yake yi, shi ya sa duk ofis ba mai kiransa da sunan yanka. Dogo ne, siriri, kullum rigarsa a goge har karin guga na neman yanka mutum, kuma magana wahala take ba shi. In ya ce miki "ina kwana" da safe, to ki adana, ƙila ita ce rabonki na ranar.

Faɗanmu na farko ma a kan ƙirƙirar folda ne. Wallahi kar ku yi dariya. Ina sabuwar zuwa, manhajarsa ta ƙi ajiye rahoton wani abokin ciniki, ya zauna yana kallon allo kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga ya kira mkdir, umarnin ƙirƙirar folda na tsohon salon Java, wanda in ya kasa yin foldar ba ya ihu, ba ya ƙorafi, sai dai ya dawo da "a'a" a ɓoye, in ba ka duba ba kai ka jiyo. Na ce masa, "Malam, ai yarenka irin halinka gare shi. Abu ya lalace, ya yi gum." Na yi masa bayanin cewa Python ɗina in na ce ta yi folda alhali akwai mai irin sunan, ko babu uwar foldar da za ta zauna a ciki, tsayawa take cak ta tara min jama'a. Manajanmu da ke rubutu da Go ya ɗago kai ya ce nasa yaren ya fi na kowa tarbiyya, don a kowane mataki sai ya miƙa maka kuskuren a hannu ya ce ka duba. Mai JavaScript na can kusurwa ya ce shi dai in bai ce a haɗa da iyayen folda ba, ba a yi masa shisshigi. Aka yi ta musu har shayi ya huce. Mai Java ya koma kan allonsa. Sai da aka tashi na tarar da saƙonsa a wayata: "Na gode, Malama Python. Na gyara." Daga nan abin ya faro.

Yanzu ga maganar gida. Babanmu malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai murya. In yana gaisawa da maƙwabci a ƙofar gida, mu da ke kicin muna jin lafiyar iyalan maƙwabcin duka. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi sau biyu. Na farko ya nauyaya masa harshe, na biyu ya tafi da maganar gaba ɗaya tare da hannun dama. Yana ji, yana ganewa, yana dariya da ido, amma kalma ba ta fita.

Tun yana da lafiya Baba yake da wata ɗabi'a da muka sha yi masa tsiya a kai. Komai sai ya naɗa a waya. Tatsuniyar da yake yi wa 'ya'yan Yaya, nasihar da yake mana in ya ga mun fara girman kai, hirarsa da Umma bayan sallar asuba, har faɗan da yake yi da mai gyaran famfo. In memorin wayar ya cika sai ya cire, ya nannaɗe shi a 'yar takarda, ya rubuta shekarar, ya jefa a wani gwangwanin alewa da ke saman durowarsa, ya sayi sabo. Muna ce masa, "Baba, wa zai saurari duk wannan?" Sai ya ce mu dai bar masa kayansa.

Umma kuwa, tunda Mai Java ya fara zuwa gaishe su, ta sa ni a gaba. Ina cikin guga, ina cikin wanke-wanke, ko ina ɗaura ɗankwali zan fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke wai me kike jira ne?"

"Umma, ina dai nazari."

"Nazarin me? Jarrabawa ce? Ki ba shi dama ya fito tun ubanki yana gane mutane. Ko so kike sai..."

Ba ta taɓa ƙarasa wannan maganar. Ni ma ba na so ta ƙarasa. Goggo, ƙanwar Baba, ita ba ta ma da wannan kawaicin. Duk zuwanta sai ta tambaye ni ko yaron nan kurma ne, in ba kurma ba ne me ya hana shi buɗe baki ya nemi abin da ya kawo shi. Gaskiyar magana ina son sa, kun sani, na sha faɗa muku. Shirunsa ne yake ba ni tsoro. Na tashi a gidan da ake faɗar komai da ƙarfi, ban san yadda ake zama da mutumin da sai kin tono abin da ke ransa ba.

Wata ranar Lahadi da rana na shiga ɗakin Umma na same ta zaune a bakin gado, gwangwanin nan a cinyarta, ba ta ko buɗe shi ba. Ta ce min, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin san na fara manta yadda yake kirana? Jiya na yi ta ƙoƙarin tunowa, sai muryar ciwon ce take zuwa min." Na tsaya riƙe da labule na kasa shiga na kasa fita. A ranar na yi alkawarin zan kwashe duk abin da ke cikin memorin nan in zuba a filash guda, in jera mata su yadda za ta riƙa kunnawa.

Na zauna na rubuta ɗan gajeren kod, wato jerin umarnin da kwamfuta za ta bi. Abin da na fara lura da shi shi ne wayar Baba duk sabon memori daga farko take soma ƙirga: Rikodin 1, Rikodin 2, haka dai. Wato kowane memori yana da nasa Rikodin 1, suna ɗaya, abin ciki daban. Don haka na sa kod ɗin ya yi wa kowace shekara folda, a cikinta kowane memori da tasa, da makedirs mai gina folda cikin folda a tafi ɗaya. Wajen rubuta fayil kuma ban yi amfani da "w" ba, don ita in ta tarar da fayil mai irin sunan shafe shi take ta hau kai ba sallama. Na sa "x", wadda in ta ga wuri da mai shi sai ta ƙi shiga. Kwafi kawai na ce a yi, kar a taɓa na asali.

Sai aiki ya taso mu a ofis, wani abokin ciniki mai son a gama masa jiya. Ga laftop ɗina ba ta da ramin sa memori. Mai Java ya ga gwangwanin a jakata ya tambaya, na ba shi labari. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ki kawo in yi miki. Tawa tana da ramin."

"Za ka iya kunna Python kuwa, ko hannunka zai yi ƙaiƙayi?"

"Zan daure."

"Ka bi kod ɗina yadda yake fa."

"To, ranki ya daɗe."

Na tura masa kod ɗin, na ba shi gwangwanin da sabon filash. Har na ji daɗi a raina, na ce ga hanyar da zai shiga zuciyar Umma da kyau. Da ya je gaishe ta a ranar, ashe ta ce masa in ya gama ya share memorin, tunda komai zai koma wuri ɗaya, ga mutane na kukan wayoyinsu sun cika. Wannan ban sani ba sai daga baya.

Bayan kwana biyu ya kai mata gwangwanin da kansa. Ina ɗaki ina leƙensa ta taga, ya sha wata shadda ruwan toka da hula mai duhu, turarensa ya riga shi shiga falo. Ya durƙusa ya ce, "Umma, komai ya shiga." Ta yi ta sa masa albarka har da 'ya'yan da bai haifa ba. Filash ɗin ya ba ni a hannu, na jefa a aljihun jaka na ce sai na samu natsuwa zan zauna in jera mata. Aiki ya hana. Fiye da mako filash ɗin na jakata tare da man leɓe da makullin ofis.

Ranar Juma'ar nan da muka miƙa aikin abokin cinikin, ofis ya yi tsit, kowa ya fita cin abinci, saura ni da shi. Na sa filash ɗin, na maƙala abin ji a kunne. Ina buɗewa na ga folda ɗaya tak, an rubuta mata "Baba". Babu shekaru, babu komai a ciki sai fayiloli a zube. Na ce ƙila ya sake tsari ne. Na kunna Rikodin 1.

Muryar ciwo ce. Baba yana ƙoƙarin cewa "ruwa", yana ja, harshen na kakarewa. Na tuna lokacin, bayan ciwon farko ne da likita ya ce ya riƙa maimaita kalmomi yana naɗa don ya ji ci gabansa. Na tsallaka Rikodin 2. Ita ce. Na yi tsakiya, na yi ƙarshe, na dawo. Duk ita ce. Babu tatsuniya ko ɗaya, babu dariyar nan tasa, babu mai gyaran famfo.

Na cire abin jin a hankali na ce, "Malam, ina foldodina?"

Ya ɗago. "Na ga sun yi yawa ne, folda cikin folda. Na ce Umma za ta sha wahalar nema. Sai na sake rubutawa da Java, na tara mata su wuri ɗaya."

"Ka sake rubutawa."

"Eh. Don ya fi sauƙi."

"Da kake zubawa, ba abin da ya fito maka a allo?"

Ya kawar da kai.

"Ina tambayarka."

"Ya fito. Da na sa memori na biyu manhajar ta tsaya, ta ce akwai fayil mai wannan sunan. Na ɗauka abu ɗaya ne Baba ya kwafa sau biyu. Sai na ƙara mata umarnin ta maye gurbin na farko."

Jama'a, kun gane? Wannan sabon salon Java ne, mai magana. Ta buɗe baki ta gaya masa gaskiya, shi ya rufe mata baki. Ya bi memorin a jere daga tsohuwar shekara zuwa sabuwa, kowane Rikodin 1 yana hawa kan na gabansa yana shafe shi. Memorin ƙarshe kuma, na lokacin ciwo, ya fi kowane yawan fayiloli saboda gajeru ne Baba ke yi safe da yamma. Don haka shi ya bi ta kan kowa, bai bar ko ɗaya ba.

"To ba komai," na ce, "na asali suna cikin memorin."

Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

"Kar ka ce min..."

"Ba kwafi na yi ba. Kwashewa na yi. Umma ta ce in share."

Ban san sanda na miƙe ba. Na faɗa masa maganganu, wasu na tuna wasu ban tuna ba. Na ce masa burgewa ya so yi da muryar ubana. Na ce masa layi nawa ne kod ɗin da ya gagare shi bi, don kawai kar a ce ya kunna abin da mace ta rubuta. Wannan ta ƙarshen na san ba gaskiya ba ce, amma a lokacin so nake ta yi masa zafi, kuma ta yi. Bai kare kansa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Memori in an share abu, ba ya tafiya nan take. Yana nan kwance sai an rubuta wani abu a kansa. In ba wanda ya taɓa su, zan iya dawo da su."

Na san haka, fushi ne ya rufe min ido. Na zaro waya na kira Umma.

"Umma, gwangwanin Baba yana ina?"

"Yana nan. Me ya faru kike haki?"

"Memorin suna ciki?"

"A'a, ai na rabar. Goggonki ta ɗauki biyu, na sa ɗaya a wayata, matar mai shago ta karɓi ɗaya za ta zuba karatu, sauran Yayarki ta tafi da su. Ba an gama da su ba?"

Na zauna a kujerar da ba tawa ba.

Abin da ya biyo baya, da ba ni abin ya shafa ba da na yi dariya. Muka shiga tsohuwar motarsa mai ƙofar da sai an ɗaga ake rufewa, ina baya don na ƙi zama gaba, muka bi gida-gida muna karɓar memori kamar masu karɓar kayan aro. Yaya ta ba mu nata ba musu, amma ta riga ta cika su da hotunan yara da bidiyon ɗinki. Matar mai shago ta zuba karatu har ya cika maƙil. Goggo ce ta ba mu aiki. Muka same ta a tsakar gida tana ɗaukar bidiyon jikanta da ya fara tafiya, wayar a sama, tana "taho, taho, ɗan albarka".

"Goggo, don Allah ki tsayar da bidiyon nan!"

"In tsayar? Yaro na tafiyar farko?"

"Goggo, kowane minti kika ɗauka kina taka muryar Baba ne."

Ta sauke wayar ta dube ni, ta dubi Mai Java da ke rakuɓe a bakin ƙofa. "Wace irin magana ce wannan? Muryar yayana a ƙarƙashin jikana?" Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ba ta gane duka ba, amma ta gane abin da ya isa. Ta cire memorin da kanta da tsinken ɗankunne, ta miƙa masa, ba ni ba. Ta ce, "Kai da ba ka magana, ashe aiki kake yi." Bai ɗago kai ba.

Washegari Asabar tun da hantsi ya zo da laftop ɗinsa. Rigar jiya ce a jikinsa, ba guga, ban taɓa ganinsa haka ba. Muka zauna a teburin falo, shi a can ƙarshe ni a nan. Wannan karon kafin ya taɓa komai sai da ya yi kwafin kowane memori gaba ɗaya ya ajiye gefe, ya yi wa kowane folda tasa, ya juyo min da allon in gani. Na gyaɗa kai kawai. Manhajar tono abin da aka share ta fara aiki, fayiloli suna fitowa ba suna, sai lambobi. Muka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Wani shuuu kawai yake yi. Wani ya ƙi buɗuwa. Wani sai ki ji Baba ya fara "wata rana kura ta..." sai ƙara ta yanke shi. Duk wanda ya fara da muryarsa sai zuciyata ta tashi, sai kuma ta faɗo.

Umma ta kawo shayi ta ajiye, ta tsaya a bayana tana murza bakin mayafinta. Da ta ji wani ya yanke a tsakiyar dariyar Baba sai ta juya ta shige kicin. Na bi ta. Na same ta ta dafa bakin wurin wanke-wanke.

"Ni na ce ya share," ta ce. "Ni na rabar da hannuna. Don kar a ce na hana mutane abin da ba na amfani da shi."

"Umma, ni ma da na duba tun ranar da ya kawo..."

"Kar ki ɗora wa yaron nan shi kaɗai, kin ji ko?"

Na san gaskiya ta faɗa, amma fushin bai da wurin zuwa in ba kansa ba, kuma ban shirya sauke shi ba.

Sai bayan la'asar aka samu guda ɗaya lafiyayye daga farko har ƙarshe, daga memorin wayar Umma, don ita ba ta cika ɗaukar hoto ba. Ɗaya tak. Gajere ne ma, bai fi a sha kofin ruwa ba. Mai Java ya saurara da abin ji a kunne, ya cire, ya tura min laftop ɗin, idonsa ya yi ja.

Umma ta ce a kai wa Baba. Na ce a bari tukuna, ta ce a'a, kayansa ne. Ashe ta riga ta gaya masa tun makon jiya cewa an tara masa duk naɗe-naɗensa wuri ɗaya, yana ta jira.

Ɗakin Baba yana warin man zafi da sabulun wanki. Yana kishingiɗe a kan matasai, an sa masa farar riga mai laushi, hannun daman a ajiye kan cinya. Goggo ta zo tun azahar, tana zaune a kan darduma. Mai Java ya tsaya daga bakin ƙofa, Umma ta ce ya shigo, ya shigo ya tsuguna a gefe. Na tura fayil ɗin a wayata, na zauna a bakin gado, na danna.

Muryar ta cika ɗakin, garau, da ƙarfinta. Ni yake kira, da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi. "Mamana! Mamana, fito ki ga abin da uwarki ta yi wa rigata. Wai guga ta yi. Malama, zo ki faɗa da bakinki, wannan guga ce ko gashi?" Sai muryar Umma daga nesa tana cewa ya kashe abin nan, sai dariyarsa, doguwa, har da tari a ƙarshe. Shi ke nan.

Umma ta toshe baki da mayafi. Goggo ta ce "Allahu akbar" ta fara share ido. Baba kuwa fuskarsa ta buɗe, ɓarin da ke motsi ya yi murmushi har haƙori, ya kalli Umma ya ɗaga gira kamar yau abin ya faru. Sannan ya juyo gare ni, ya ɗaga hannun hagu, ya juya yatsa a iska. Duk gidan mun san wannan alamar. Saura, yake nufi. Kawo na gaba.

Na kalli wayar. Na kalli Umma, ta sunkuyar da kai. Baba ya sake juya yatsan, yana murmushi, yana jira. Na buɗe baki, wallahi ni mai surutun nan, babu abin da ya fito.

"Baba."

Mai Java ne. Ya matso da gwiwoyinsa har jikin gadon.

"Baba, babu na gaba. Wannan kaɗai ya rage. Ni aka ba amanar su, ni na lalata. 'Yarku ta rubuta yadda za a yi daidai, na canza don ina ganin na fi ta sani. Kwamfuta ta gargaɗe ni, na ƙi ji. Na shafe muku shekaru da hannuna. Ba Umma ba ce, ba ita ba ce, ni ne. Ban zo neman a ce ba komai ba, don da komai. Na dai ga bai kamata ku ji daga bakin wani ba."

Tunda na san shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Muryarsa na karyewa amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

Murmushin Baba ya tafi a hankali. Ya daɗe yana kallonsa. Ya kalli gwangwanin da ke saman durowa, babu komai a ciki. Na ga hawaye ya taru a idonsa ya gangaro ta gefen da ba ya ji, bai ma san ya zubo ba. Ba wanda ya motsa. Ni dai na ce a raina shi ke nan, ta ƙare tsakanina da Mai Java, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda tunanin ya tsorata ni maimakon ya sanyaya min rai.

Sai Baba ya miƙa hannun hagu ya kama wuyan hannun Mai Java. Ya ja shi, da ɗan ƙarfin da ya rage masa, har kan wayar da ke cinyata. Ya lalubi yatsansa guda, ya ɗora a kan alamar kunnawa, ya danna da shi.

"Mamana! Mamana, fito ki ga..."

Bai saki hannun ba har dariyar ta ƙare. Da ta ƙare ya sake dannawa.

Na ajiye musu wayar a kan gado na fita, don ba zan yi kukan nan a gabansa ba. Na shige kicin na kunna famfo ba tare da ina da abin wankewa ba. Ta bango ina jin muryar Baba tana sake kirana, karo na nawa ban sani ba. Ban ji shigowar Umma ba sai da ta miƙo hannu ta kashe famfon. Ta gyara min ɗankwalina da ya zame, ta tsaya tana kallona.

"Wanda aka yi wa asarar ya ba da tasa amsar," ta ce. "Saura ke."